Hatsin da Ya Sha Ruwan Alwala

Bana ruwa ya yi nawa. Hadari yakan haɗu a gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman makwanci, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Jiya da azahar jikata Sa'a ta kawo mini buta a gindin dogon yaro, na yi alwala a kan siminti. Ina kallon ruwan yana gangarawa, ya bi ta kwata ya fita waje, ƙasa ta shanye shi tun bai kai bakin hanya ba. Ban san na daɗe ina kallo ba sai da yarinyar ta taɓa kafaɗata ta ce, "Kaka, salla za ki yi ko barci?" Na ce mata duka biyun. Gaskiya dai tafiya na yi, na koma wata shekara can baya da ruwan alwala ba ya zuba haka a banza.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ƙauyenmu gida tara ne, tafiyar hantsi daga Cadakori. Abin da ya iso mana na mulkin kai shi ne labarin masu cin kasuwar Gidan Rumji, da suka dawo suna cewa an sauya tuta a bakin lakol, wato makarantar boko, kuma masu zama a buro, wato ofis, yanzu namu ne. Muka ce madalla. Rijiya dai tana nan da zurfinta, yashi yana nan da zafinsa.

Maigidana ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu da furfura ba. Mutanen gari Mai-dabara suke ce masa. Dogo ne siriri, yana tafiya yana kallon ƙasa, don ba ya wuce guntun ƙarfe ko igiya bai duƙa ya ɗauka ba. Shi ya ɗaura dutse a ƙyauren zaure, ƙofa ta riƙa rufe kanta. Shi ya kifa sakaina a ƙafafun rumbu, ɓera ya hau ya zamo. Da na haifi ɗana na biyu sai ya rataya masa zane a reshen aduwa, ya haɗa igiya da taɓaryata, wai ina daka yaro yana lilo. Yaro ya yi amai, ni na yi faɗa, shi ya zauna yana dariya yana kwance igiyarsa.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: hannunsa ba ya riƙe abu. Ƙyauren nan mai rufe kansa bai yi wata a gidanmu ba. Wani tsoho ya yaba, washegari na hangi ƙyaurenmu yana tafiya a kan jaki. Ban taɓa jin an roƙe shi abin da yake da shi ya ce babu ba, kuma bai iya ƙarya ba, ko ta wasa. Ina sonsa, ina jin haushinsa, sau da yawa a cikin yini guda.

A shekarar ruwa da wuri ya zo. Tun bazara ba ta gama gasa mu ba aka yi wani ruwa mai ƙarfi da hantsi, ƙasa ta tashi da ƙamshi, yara suka fita tsirara suna ihu. Washegari kowa ya ɗauki sungumi. Maza a gaba suna sara, mu a baya muna zuba iri da yatsu uku muna rufewa da diddige. Kwana biyar hatsi ya leƙo, siriri, kore shar. Daga nan sama ta yi shiru. Tsiron ya nannaɗe, ya yi fari, in ka taɓa shi ya murmushe a hannu. Bayan sati uku aka yi wani yayyafi da bai jiƙa ƙasa tsawon yatsa ba, amma tsoro ya sa aka sake shuka. Ɓeraye da zabin daji suka tone rabi, rana ta dafa sauran. Aka share rumbuna, aka kaɗe tukwane, iri ya ƙare a garin. Wanda ake samu a kasuwar Cadakori na kudu ne, mai son doguwar damina, ko an shuka shi ba zai nuna a yashinmu ba.

Abinci ya koma anza. Mu tsinko 'ya'yanta, mu jiƙa kwana da kwanaki muna sauya ruwa don ɗacin ya fita, ga ruwan kansa da ƙyar ake samu. Fura ta tsinke har kana ganin gindin ludayi. Yara suna gwaguyar goriba har leɓunansu su tsage. Da tsakar rana garin yakan yi tsit, ko jaki ba ya kuka. In ka dubi gabas sai ka ga ƙasa tana rawa, itatuwan gawo suna tsaye a cikin wani ruwa mai sheƙi wanda babu shi. Nakan tsaya da tulu a ka ina kallon ruwan nan na ƙarya har wuyana ya gaji.

Ni kuwa ina da abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da aka kawo ni daga Tibiri, uwata ta haɗo ni da irin hatsinta, gajeren kai, mai saurin nuna. Kowace kaka nakan zaɓi kawunan da suka fi kyau a gamanata, wato 'yar gonar da aka yanka mini, in sussuke, in gauraya da toka, in zuba a ƙaramin tulu in liƙe bakin da laka. Gamanar mace sai an gama da gandu ake shuka ta, shi ya sa nawa irin bai shiga ƙasa ya ƙone ba. Tiya biyu ce, wato kwanon awo biyu, tana ƙarƙashin gadona. 'Ya'yana uku a lokacin. In tulun nan ya tafi, ban san abin da zan zuba musu a baki ba in kaka ta zo.

Ran nan da azahar maigidana yana zaune a rumfa yana feƙe wani itace, ina tsince anza.

"Tsahara," ya ce, bai ɗago ba. "Tulun ga na ƙarƙashin gado."

"Wane tulu?"

"Wanda kike shara kewaye da shi kullum, ba ki taɓa matsad da shi ba."

Na ce, "Malam, ɗiyanmu ukku. In ka ba gari, mu mi za mu ci?"

"Ba rabawa za ni yi ba. Tiya biyu ga gida tara, ko tsuntsu ba ta ƙosarwa. Kin san masu taba na bakin Gulbi? Ba su watsa iri ga gona. Wuri guda suke renonshi, in ya yi ƙwari su cire su dasa. Mu kau sai mu zuba tsaba talatin rami guda, mu dawo mu cire mu yas. In munka yi reno, kowace tsaba da ranarta. Ran da ruwa ya sauka, hatsinmu ya riga ya yi sati ukku."

"Da wane ruwa za ka renon? Rijiyar da guga ke hitowa da laka?"

"Da ruwan da muke zubarwa sau biyar kullum."

Na dube shi, na ce a raina lalle zafin nan ya taɓa mutumin. Amma na san shi. In ya fara feƙe itace yana magana a hankali, ya riga ya gama gina abin a kansa. Na shiga ɗaki, na jawo tulun, na fasa liƙin. Kafin in fito na ɗebi tafi biyu na ƙulle a bakin zanena, na soke ta ciki. Ga ni ina satar abina da kaina. Na fito na dire masa tulun.

Kwana biyu ya yi yana aiki a gefen masallaci. Ya tone ƙasa, ya gauraya ta da taki daga makwancin shanun Sambo, wani Bafillace da ke zaune da iyalinsa a bayan gari. Ya kafa itatuwa masu baki biyu, ya gitta sanduna, ya shimfiɗa kara a kai da tazara, ya zama dogon gado mai tsawon gwiwa. Ya kewaye da ƙaya saboda awaki, ya jingina zana ta wajen yamma. Sannan ya watsa irin uwata a ƙarƙashi, ya je ya sami liman, Malam Garba, ya ce yana roƙon kowa ya riƙa hawa gadon nan ya yi alwalarsa.

Malam Garba ya shafa gemu. Ya ce, "Ruwan alwala dai ƙasa shika komawa, ko da hatsi ko babu. Ban ga laihi ba." Shi ya fara hawa, yana tattare riga, kara yana ƙara a ƙarƙashinsa, mutane suna danne dariya.

Ban taɓa ganin garinmu da tsarki irin na kwanakin nan ba. Waɗanda a da sai an ta da salla suke shigowa da gudu, yanzu tun kafin kira suna kan gado, alwala a kan alwala. Sambo yakan taso daga ruga da butarsa ta duma, ya ce, "Ni gona babu, amma alwala akwai." Mata kuma kowace ta yi tata alwalar a kan kasko a gida, da la'asar su fito a jere, kasko a hannu, suna tafiya a hankali kada ɗigo ya zube.

Kwana huɗu ƙarƙashin gadon ya yi kore. Ba zan iya faɗa muku yadda koren nan yake ba a ƙasar da komai ya zama toka. In an idar da salla ba mai tashi, sai a zauna kewaye da shi ana kallo, ana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wata tsohuwa da idonta ya tafi ta sa aka jawo ta, ta durƙusa ta zura hannu ta cikin ƙaya, ta shafa tsiron, ta daɗe ba ta janye ba. Har wasu fararen malam-buɗe-littafi suka zo, ban san daga ina ba.

Ni kaskona bai taɓa zuwa can ba. Mata suka ce fushi nake yi don an karɓe mini iri, na bar su da zancensu. A bayan ɗakina akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da danga, inda nake jibge fasassun tukwane, ba mai shiga. Can na tone, na watsa tafi biyun nan. Can nake kai ruwan alwalata, da na wanke ƙwarya, da wanda na goge wa yara jiki. Ya tsiro. Kullum ina leƙa shi ina ƙirga kwanaki, don na san ran da maigidana ya gan shi, ran nan ya zama na gari.

A kwanakin ne ya tashi wata safiya ya saƙa akurki ya tattara kajina ya kulle, wai sun dame shi da tono. Na ce ga wata sabuwa kuma. Bayan kwana biyu na tarar da tsohuwar zana ta jingino a kan dangar daga waje, daidai inda rana ke dukan lungun da la'asar. Na ce iska ce. Na kuma lura ƙasar ba ta bushewa da sauri yadda na zata, na ce albarkar uwata ce.

Wata rana wani mutum ya zo daga ƙauyen da ke arewa da mu, a kan jaki, leɓensa duk ya bushe. Ya yi sallama a zaure, ina bayan danga ina ji. Ya ce an gaya masa gidan nan ba a fita hannu wofi, ko tafi guda na iri a taimake shi. Na dafe bango. Sai na ji maigidana ya ce, "Ɗan'uwa, duk abin da idona ya gani na iri, yana bakin masallaci. Zamna tare da mu ka yi alwala, ran rabo da kai." Mutumin ya zauna. Ni na zame na zauna a ƙasa.

Sati uku ya cika, ruwa bai zo ba. Tsiron ya kai tsawon hannu, ya fara taɓa karan gadon, ƙasan ganyen ya soma ja. Rijiya ta ƙara ja da baya, har aka koma alwala wanki ɗaya-ɗaya. Maigidana ya rame, ya daina dariya, yakan tsaya a bakin gari yana kallon gabas, hannu a bayansa. Ban ce masa ai na faɗa maka ba. Na so in faɗa, amma na ga yadda wuyansa ya sirance.

Ranar da ruwan ya zo, da hantsi ne, ina jiƙa anza. Iska ta tsaya cak. Wani sanyi ya taso daga ƙasa, sama ta yi duhu daga gabas har tsaka, sai na ji ɗigo ɗaya mai nauyi a bayan hannuna. Na tsaya ina kallonsa. Kafin in ɗaga kai ya kece. Aka yi ta yi har azahar, ruwa yana gudu a tsakar gida, yara suna birgima a ciki, ni ina tsaye a tsakiya da zanena a jiƙe, ina kuka ina dariya.

Da la'asar, ana sauran yayyafi, gari duka ya taru a gefen masallaci da faya-fayai da kwanduna. Aka ɗage gadon. Malam Garba ya ce, "To, Mai-dabara, ƙaƙa za a raba?"

Ya ce, "Duk wanda ruwanshi ya sauka nan, da rabonshi."

Ya durƙusa yana cira da ƙasarsa, yana miƙawa gida-gida. Baƙon nan mai jaki ya samu. Sambo ya ja da baya yana cewa shi ba manomi ba ne, maigidana ya cusa masa a hannu ya ce ya dasa a makwancin shanunsa, babu ƙasar da ta fi ta. Ina tsaye cikin mata ina kallon koren yana raguwa, yana raguwa, har ya miƙa damƙa ta ƙarshe ya kaɗe hannu.

Liman ya ce, "Naka fa?"

"Ni ban taɓa alwala nan ba, Malam, ko sau guda. Ku tambaya."

Kowa ya shiga tunani, aka ga gaskiya ne, kullum da alwalarsa yake isowa. Wata daga bayana ta ce a hankali, "Tsahara ma ba mu ga kaskonta ba." Maza suka fara miƙo nasu, kowa yana cewa a rage. Ya ɗaga hannu ya ce shi ya faɗi ƙa'ida, ba zai zama na farkon karya ta ba, su yi sauri ƙasa tana da laima.

Ban san yadda na iso gida ba. Yana shigowa na tare shi a tsakar gida, ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Na ce, "Irin uwata! Ka ba gari, ka ba baƙo, ka ba mai shanu, ɗiyanka ko tsinke! Don a ce Mai-dabara mutumen kirki na? To zo ka gani. Zo ka ga abin da ni na yi, tunda ni ban da kirki!"

Na kama hannun rigarsa na ja shi har bakin lungun. Sai ya tsaya, ya juya fuska.

"An gama rabo?" ya ce. "Kowa ya tahi gona?"

"Sun tahi."

"To yanzu ina iya dubawa."

Ya leƙa. Ga shi nan cunkus, kore, ruwa yana ɗiga daga ganyen. Ya daɗe yana kallo, murmushin da ya ɓace masa ya dawo. Ya ce, "Ya yi kyau. Amma na gindin danga ya hi tsawo."

Na duba, haka ne. Na durƙusa na buɗa tsiron da hannu. A gindin dangar, a binne cikin ƙasa, ga wuyan gora ya leƙo daga waje, an daidaita bakinsa yana kallon lungun. Na fita da gudu na zagaya bayan gida. Ga wani ɗan dutse na zama, ga rabin gora a kafe a ƙasa, ga sawun ƙafarsa da ruwa bai gama shafewa ba.

Ya biyo ni yana tsaye. "Ina kike tsammani nike alwala?"

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ran da kinka hito da tulu. Na ga ƙulli ga bakin zanenki." Ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi da yatsan ƙafa. "Na san halina, Tsahara. In idona ya gani, anka roƙe ni, sai na ba da. Shi ya sa ban duba ba."

Na zauna a kan dutsen nan na rufe fuska da zane. Na yi shekaru ina zaton ni kaɗai ke tsare gidan nan daga hannunsa, ashe da shi muke tsaron.

Washegari tun da sassafe muka dasa, shi yana huda ƙasa da sanda, ni ina sakawa ina dannewa, yara suna miƙo mana daga faifai. Tsiron ya cika gamanata, ya ci wani yanki na gandu, sauran muka zuba wake. Hatsin ya kwanta kwana uku kamar ba zai tashi ba, sannan ya miƙe. Ba a yi wata babbar kaka ba a shekarar, kada in yi ƙarya. Amma kowane gida ya ɗaure dami, kowa ya sami irin baɗi, kuma 'ya'yana uku sun kai wata daminar da ƙafafunsu. Har yau a wajen nan akwai masu shuka gajeren hatsin nan, suna ce masa ɗan alwala, yawancinsu ba su san dalili ba.

Maigidana ya yi shekaru da yawa bayan haka, ya ƙera abubuwa da yawa, kusan duka a gidajen mutane suka ƙare. Ya rasu a farkon wata damina, da hantsi, bayan gajeren ciwo. A bayan ɗakina aka yi masa wanka. Da maza suka ɗauke shi suka fita, gidan ya cika da mata, na sulale na zagaya. Ƙasar wurin tana jiƙe, ruwan bai gama shiga ba. Na tsaya ina kallo, na ji ba zan iya barinsa ya tafi haka ba. Na koma ɗaki na fasa liƙin tulu, na ɗebo tafi biyu na watsa.

Ya tsiro, ya yi kyau ƙwarai. Ina cikin takaba, masu zuwa gaisuwa suna ta shigowa, duk wanda ya zo sai in ce a cira masa ya je ya dasa. Na ba na kusa, na ba na nesa, na ba wanda ban taɓa gani ba. Sai ran da na zagaya na tarar da wurin fayau, ko tsinke babu, sannan na tuna ban rage wa gamanata ba. Na tsaya a lungun ni kaɗai, na duba gindin danga. Babu wanda ya rage a gidan da zai ɓoye mini ko tsinke.